Maganar da Ta Fita Daga Ɗakin Laraba

Bayan ƙaramin asibitin unguwar akwai wani ɗaki da a da ake jibge karyayyun gadaje da tsofaffin kekunan marasa lafiya. Da aka kwashe su sai aka shafa masa fenti, aka jera kujerun roba a zagaye, aka damƙa makullinsa ga wata ma'aikaciyar jinya wadda kowa Sista yake ce mata, har waɗanda suka haife ta. A nan masu fama da shaye-shaye suke haɗuwa duk Laraba da yamma. Wani ƙwaya ce ta kawo shi, wani maganin tari, wani giya, wani kuma damuwa ce ta fara cinsa kafin ya je neman abin da zai kwantar da ita. Ba a tambayar suna a can. Ana kiran mutum da sana'arsa, ko da duk abin da ya ce a kira shi. Kafin a fara Sista takan maimaita doka ɗaya, ko da kuwa babu baƙo a ɗakin: abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana.

Kafinta ya fi shekara yana zuwa. Ciwon baya ne ya haɗa shi da ƙwaya, tun wata faɗuwa da ya yi daga kan rufin da yake bugawa. Ciwon ya tafi, ƙwayar ta zauna. Sai da ta kai yana auna katako ya sake aunawa, ya yanka kuma ya fito a karkace, masu kawo masa aiki suka fara bi ta wani layin don kada su haɗu da shi. Yanzu kam ya dawo mutum. Shagon ya sake cika da ƙamshin sabon katako da ƙarar zarto. A unguwa ba wanda ya san inda yake zuwa ran Laraba sai matarsa, ita kuma duk wanda ya tambaya sai ta ce ya tafi duba katako. Takan tsokane shi da cewa wannan katako nasa na Laraba har yau bai taɓa isowa gida ba.

Wata rana wani dogon mutum ya shigo ɗakin yana sunkuyar da kai, ya ce a kira shi Direba. Kafinta yana ɗaga ido ya gane shi. Shi ne mai tuƙa bas ɗin makarantar da Auta take, ƙaramar 'yarsa. Kullum da safe yakan tsaya a bakin layinsu ya danna hon, yarinyar ta fita da gudu jaka tana bugun bayanta. Shi ma Direban ya gane shi. Kowannensu ya mayar da idonsa ƙasa har aka tashi.

A bakin ƙofa Direba ya rage murya ya ce, "Malam, ni dai ban gan ka ba."

"Ni ma ban taɓa ganinka ba," in ji Kafinta. "Amma ka riƙa danna hon ɗin nan a hankali, kana tayar mini da maƙwabta."

Suka yi dariya. Daga ranar kujerunsu suka zama kusa da juna. In an raba shayi bayan zama, Direba yakan ba shi labarin Auta, yadda take ƙwace kujerar gaba ta ce ita ce kwandasta, tana ƙirga yara tana yi wa masu latti faɗa.

Haka aka yi ta tafiya har wata Larabar da Direba ya ce yana da magana. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya fara. Mahaifiyarsa tana kwance a asibiti, shi yake jinyarta, barci ya ƙaurace masa. Wani tsohon abokinsa ya gan shi a galabaice ya miƙa masa ƙwaya, ya ce ko na yau kaɗai. Ya karɓa, ya sha da yamma. Washegari ya ɗauki bas kansa a nauyaye kamar an cika shi da yashi. A wata mararraba sai da ya wuce sannan ya gane danja ya keta, bai ma gan ta ba. Yara suna ta waƙa a baya. Ba abin da ya faru. Amma da ya sauke su a ƙofar makaranta ya daɗe zaune a motar ya kasa fitowa.

"Ban sake sha ba," ya ce. "Amma tsoron kaina nake ji. Shi ya sa na kawo muku."

Mutane suka yi ta ba shi baki, wani dattijo da ake kira Tsohon Soja ya dafa kafaɗarsa. Kafinta bai ji ko ɗaya daga abin da suka ce ba. Idonsa yana kan takalminsa, abin da yake gani kuwa kujerar gaba ce, da Auta a kai ta leƙo da kanta ta taga. Ana rufe zaman ya ji Sista tana cewa, "Direba, ɗan tsaya, ina son magana da kai." Shi bai tsaya ko shayi ba. Ya hau babur ɗinsa ya yi gida.

Matarsa tana ninke kayan makarantar yara ya shigo. Ya ce mata daga gobe shi zai riƙa kai Auta da kansa.

"Kai da kake cewa safiya ce kasuwarka? Me ya faru da bas ɗin?"

"Ba komai. Haka nake so."

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube shi. Ta zauna da shi a shekarun da "ba komai" take nufin komai, saboda haka ba ta yarda da kalmar nan daga bakinsa. Ta tambaya, ya kauce. Ta sake tambaya, har ta fara zargin ko shi ne ya koma gidan jiya. Wannan ne ya kasa jurewa. Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata duk abin da ya ji, sannan ya ce, "Maman Auta, don Allah maganar nan ta tsaya tsakanina da ke."

Ta ce, "To 'ya'yan mutane fa?"

Shi ma tambayar tana cikinsa.

Da safe ya goya Auta tun bas bai iso ba. Yarinyar ta yi ta ƙorafi a hanya cewa yau wa zai ƙirga yara. Kafin ya dawo matarsa ta riga ta leƙa ta katanga ta ce wa maƙwabciyarsu, wadda tagwayenta suke shiga bas ɗin, ta nema musu wata hanyar. Ita ma maƙwabciyar ta tambayi dalili, ita ma aka faɗa mata, aka roƙe ta ta riƙe. Kafin ƙarshen mako maganar ta shiga guruf ɗin iyayen yara na waya, kuma ta yi ƙiba a hanya. Wasu suka ce an kama Direba a buge a kan sitiyari. Wata ta ce dama ta daɗe tana ganin idonsa ja. Har aka sami wanda ya ce sayar wa yara ƙwaya yake yi. Mai makarantar bai tsaya dogon bincike ba, ya kira shi ya sallame shi daga aiki.

Kafinta ya ji labarin korar a shagonsa, daga bakin wani da ya kawo gyaran kujera, yana ba shi kamar sabon labari. Ya gyaɗa kai kawai yana ta goge wuri ɗaya da sanfefa har katakon ya yi rami.

Ran Laraba ya je. Kujerar da ke kusa da tasa ba kowa. Sista ba ta fara da dokar da ta saba ba. Ta zauna ta haɗa hannuwanta a kan gwiwa.

"Maganar da aka yi a nan makon jiya ta fita," ta ce. "An kori Direba daga aiki. Ina so ku san abin da ya faru bayan kun tafi. Na gaya masa ba zai sake ɗaukar yara ba sai likita ya gan shi, kuma bai yi mini musu ba. A gabana ya kira mai makarantar ya nemi hutu saboda jinyar mahaifiyarsa. Washegari wani direban ne ya fita da bas ɗin. Da ya ƙi, da ni da kaina zan ɗauki mataki, kuma na faɗa masa haka."

Ashe safiyar da Kafinta yake gudu da Auta a babur, mutumin da yake guje masa ma ba ya cikin motar.

Kowa yana satar kallon na kusa da shi. Sai Tsohon Soja ya yi gyaran murya ya juya ga wata matashiya da ake kira Mai Kitso, wadda ba ta daɗe da fara zuwa ba, kuma sai kwanan nan ta fara iya magana ba tare da ta rufe fuska ba.

"Ai mun san inda zance yake yawo a gari," ya ce. "Inda mata suke zama ana taɓa musu kai."

"Baba, ni?" in ji Mai Kitso. "Ni da ko mahaifiyata ba ta san ina zuwa nan ba?"

Sista ta ce kada a zargi kowa, amma magana ta riga ta fita. Mai Kitso ta ɗauki jakarta ta fice tana share ido da gefen mayafi. Kafinta yana zaune. Yana kallo ta fita da laifinsa a kanta. Ranar ba wanda ya faɗi komai na kansa. Duk wanda aka zo kansa sai ya ce lafiya lau, an gode. Shayin ma a fulas ya huce.

Makon da ya biyo baya bai yi aikin kirki ba. Ya haɗa ƙafar tebur a juye, ya buga wa babban yatsansa guduma. Abinci ya koma masa kamar garin katako. Ciwon bayan da ya daɗe da mantawa ya dawo, ko kuwa shi ne ya kira shi, bai sani ba. Wata rana da azahar ya ga kansa a gaban wani kemis na bayan tasha, inda a da ba sai ya yi magana ba ake miƙo masa. Ya tsaya a kan babur injin yana aiki. Mai kemis ɗin ya hango shi ya ɗaga masa hannu da fara'a, kamar wanda ya ga ɗan'uwa ya dawo daga tafiya. Fara'ar nan ce ta tsorata shi. Ya juya kan babur.

A gida ma ba daɗi. Matarsa ta ce maƙwabciya ta fara tambayar a ina Baban Auta ya ji wannan magana.

"Ai na ce ki yi shiru," ya ce.

"Kai ma an ce ka yi shiru, Baban Auta."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta ga matar Direban a bakin famfo, mata sun dare mata kamar mai cuta, ita kuma ta kasa ko gaishe ta.

Washegari ya rufe shago ya tafi asibitin. Ya sami Sista tana wanke hannu bayan ta gama yi wa wani yaro allura. Ta kai shi ɗakin Laraba, wanda da rana ya yi masa wani iri, kujeru a jingine da bango. Bai zauna ba. Ya ce, "Sista, ni ne."

Ta jawo kujera ta zauna, ta nuna masa ɗaya. Ya faɗa mata yadda aka yi, har da tsayuwarsa a gaban kemis.

"Tsoron da ka ji ba laifi ba ne," ta ce. "Ni ma uwa ce, na tsorata da yake maganar. Kuma ni ma ina da nawa. Da na faɗa a gaban kowa cewa ba zai sake tuƙa yaran ba, da wataƙila ka tafi gida da kwanciyar hankali. Ban san 'yarka tana motar ba. Amma ina tsaye a ɗakin nan, Kafinta. Shi ma yana nan. Ba ka tambayi ko ɗayanmu ba."

"Me zan yi yanzu?"

"Aikinsa ba ka da ikon mayar masa. Amma akwai yarinyar da ke ɗauke da kayanka a kanta. Zan roƙe ta ta zo ran Laraba. Sauran ya rage naka." Ta miƙe, sannan ta ƙara, "In ka sake ganin kanka a bayan tasha, ka kira ni tun kana kan babur, ba sai washegari ba."

Mai Kitso ta zo, ta zauna kusa da ƙofa jakarta a kan cinya. Kafinta ya faɗi maganarsa a tsaye, a taƙaice, bai nemi mafaka da sunan Auta ba sai da aka tambaye shi dalili. Tsohon Soja ya taso da kyar ya je gaban yarinyar ya ce, "'Yata, na zalunce ki. Bakina ya riga hankalina." Ta gyaɗa masa kai. Shi kuwa Kafinta ba ta ko dube shi ba. Ta ce kawai, "Kana zaune ina kuka, Malam. Wannan ne ban gane ba." Wani ya ce shi kam da 'yarsa ce, da abin da zai yi ya fi haka. Wani ya ce to shi ke nan, kowa ya riƙa kai maganar kowa gida. Mutum biyu daga cikinsu ba su sake zuwa ba.

Saura Direba. Kafinta ya yi ta ɗaga zuwan, yau aiki, gobe ruwan sama, har dai wata Asabar ya tambayi gidan ya je. Ya same shi a tsakar gida a tsugune gaban baho, yana wanke zannuwan mahaifiyarsa da aka sallamo daga asibiti. Ya rame, gemu ya fito masa. Ya amsa sallama, ya tura masa benci da ƙafa, ya ci gaba da wankinsa.

"Na zo ne in gaya maka..."

"Na sani," in ji Direba. "Tun ranar na sani. Kai kaɗai ne 'yarka take cikin motar."

"Ka yafe mini."

Direba ya matse zane ya jefa a bokiti. "Da ka tare ni a ƙofa ka shaƙe ni, ka ce in ka sake ɗaukar 'yata sai na karya ka, wallahi da na ce kana da gaskiya. Ni na keta danja da yaran mutane, ba kai ba. Wannan nawa ne, kuma da shi nake kwana. Amma yanzu ɗana ya dawo daga makaranta yana tambayata ko da gaske ina sayar wa yara ƙwaya. Ka gaya mini me zan ce masa."

Kafinta ya ce zai je wurin mai makarantar, zai bi iyayen gida gida ya ce ƙarya aka ƙara.

"Ka ce musu a ina ka sani? Ka tona kanka, ka tona ɗakin, su fara tsayawa a bakin asibiti suna ƙirga masu shiga? Bar shi haka." Ya ɗebo ruwa ya zuba a baho. "Yafiya kuma ban sani ba tukuna. In na ce na yafe yau, ƙarya na yi maka."

Daga cikin ɗaki tsohuwar ta yi tari, ta tambayi wane ne. Direba ya ce baƙo ne, Inna. Kafinta ya miƙe zai tafi, har ya kai zaure ya ji an kira shi.

"Sista ta haɗa ni da likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti, ran Litinin. Ta ce kuma akwai wani zaman irin namu a can gefen gari, inda ba wanda ya san ni. Amma likitan sai an zo da wani. Matata ba za ta bar Inna ba. 'Yan'uwana kuwa tun da maganar ta fita wayarsu ta lalace." Ya yarfe kumfa daga hannunsa. "Kai ne dai ba abin da ya rage da zan ɓoye maka."

Ran Litinin Kafinta ya zo da babur. Direba ya hau baya, dogayen ƙafafunsa suna kusan jan ƙasa, ya riƙe ƙarfen baya maimakon kafaɗar mai tuƙin. A mararraba ya ce, "Rage gudu, akwai rami a gaba," iyakar abin da ya faɗa ke nan har suka isa.

Wurin jiran ya cika. Wata mata tana riƙe da hannun ɗanta saurayi wanda yake ta magana shi kaɗai, wani magidanci cikin kaya masu tsada yana ɓoye fuska da jarida. Suka sami gefen benci suka zauna, da ɗan fili a tsakaninsu. Da layi ya zo kansu ma'aikaciyar ta dubi Kafinta ta ce, "Kai ne ka rako shi? Me kake a wurinsa?"

Aboki ba zai fito daga bakin Kafinta ba, ɗan'uwa kuma ƙarya ce.

"Tare muke," in ji Direba, ya wuce ciki.

Bai koma tuƙin yara ba. Bayan wasu watanni ya sami aiki a wani garejin gyaran motoci, kuma ya ci gaba da zuwa wancan zaman na gefen gari. Ɗakin Laraba sai a hankali ya sake sakin jiki, Mai Kitso ta ci gaba da zuwa, amma ta daɗe kafin ta sake faɗin wani abu mai nauyi in Kafinta yana wurin. Shi kuwa duk ranar ganin likita yakan rufe shago ya je ya ɗauki Direba, ya jira shi a benci, ya mayar da shi gida. Ba su sake tayar da maganar yafiya ba, Kafinta ma bai ga yana da bakin tambaya ba.